Harbi da ƙaramar bindiga a wasan kwaikwayo: yaya ake rubuta shi ya yi kama da gaske?

Maryam_Rikkos: Assalamu alaikum. Ina rubuta wasan kwaikwayo, a Jos labarin yake. Akwai fitowar da za a harbi jarumin da ƙaramar bindiga cikin shagonsa a Terminus. So nake ya rayu amma ya ji jiki. Na zaɓi kafaɗa, ya ɗaure da gyale ya bi maharbin da gudu. Masana, hakan zai yiwu? Kuma wace bindiga zan ba maharbin?

Baban_Sadiq: Wa alaikumus salam, Malama Maryam. Fara da tambayar waye maharbin, don ƙaramar bindiga ba ta kowa ba ce a Najeriya. Dokar makamai ta 1959 ta sa ta cikin makaman da aka haramta wa farar hula sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ɗan ta'addan unguwa ya fi dacewa da ƙirar gida mai cin harsashi ɗaya, ya harba, sai ya buɗe ya sake ɗurawa. Wannan jinkirin ma riba ce ga marubuci.

In ta kamfani ce, ki riƙe lissafi. Fistol irin Browning Hi-Power tana ɗaukar harsashi 13 a magazin (gidan harsashi), Glock 17 tana ɗaukar 17, libarba (mai gidan harsashi da ke juyawa) galibi 6. Fistol tana tofar da kwanso bayan kowane harbi, libarba kuwa kwanson yana zama a cikinta, don haka kar ɗan sanda ya tsinci kwanson libarba a ƙasa. Kuma kar ki rubuta "ya cire makullin Glock", ba ta da irin makullin da ake turawa da yatsa. Ƙarar kuma, a ɗaki rufe, ta kai wajen desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti. Ba mai yin raɗa a ji shi bayan haka, kunnen kowa kuwwa yake yi.

Dr_Hauwa: Ƙanwata, batun gudu da kafaɗa ki ajiye shi. Nan babbar jijiyar jini ta hannu ta bi, da tarin jijiyoyin da ke motsa hannun, ga saman huhu a kusa. Ko ya tsira, hannun zai iya shanyewa na watanni ko har abada. In kina son ya rayu da hankalinsa, sa harsashin a tsokar cinya ta gefen waje ko ɗuwawu. Cikin cinya kuwa haɗari ne: babbar jijiyar jini ta ƙafa nan ta bi, in ta tsinke, mintoci kaɗan sun isa.

Harsashin ƙaramar bindiga ba ya cilla mutum baya. Ko dai ya zube inda yake, ko ya ci gaba da tafiya bai ma san an same shi ba sai ya ji wandonsa ya jiƙe da ɗumi. Mashigar ƙaramin rami ce, ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, wani lokaci jinin waje kaɗan ne alhali ciki yake zuba. Babban mutum yana da jini wajen lita 5. In ya rasa ɗaya da rabi zuwa biyu, za ki ga gumi mai sanyi, ƙishirwa, bugun zuciya da sauri, leɓe ya yi fari, magana ta fara ruɗewa. Wannan za ki ba ɗan wasa ya yi, ba ihu ba.

Don Allah kuma banda tono harsashi da wuƙa a gida. Wanda ke kusa ya danne ramin da tsumma da ƙarfinsa, kar ya ɗaga don leƙawa. Mu ma a tiyata jini muke tsayarwa, sau da yawa a bar harsashin a jiki in cire shi zai fi ɓarna.

Lauya_Garba: Ƙari kan na Likita: in an kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko asibitin Plateau Specialist, dokar 2017 ta wajabta a karɓe shi ba tare da takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara magani. Don haka ki shigo da jami'in bincike bakin gadonsa tun kafin ya gama farfaɗowa.

Maryam_Rikkos: Na gode ƙwarai. Cinya ke nan. Likita, kwana nawa zai yi kafin ya taka?

Dr_Hauwa: In tsoka ce kawai, 'yan kwanaki da sanda, ɗingishi na makonni. In ƙashin cinya ya karye, sai an sa ƙarfe, ki ba shi wata uku zuwa shida.