Madara ce ko alkama? Na rasa gane mai kumbura min ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata matsala ce ta sha min kai.

Na daɗe ina fama da kumburin ciki da yawan gyatsa bayan karin kumallo. Sai na yanke madara da duk abin da aka yi da alkama, burodi, taliya, har gurasar da nake mutuwar so, na tsawon mako 4. Cikina ya lafa, na kuma rage kilo 3, ko da yake ina zargin rashin shayi mai sukari ne ya jawo wannan.

Wajen dawo da su ne na yi wauta. Ranar farko na haɗa shayi da madara da burodi, kafin azahar ciki ya koma kamar ganga. To wanne ne mai laifin? Abin da ya ƙara rikita ni, fura da nono ba ta taɓa damuna ba, sai dai na ji an ce tsamin nono yana rage sukarin madarar da wasu ba sa iya narkarwa.

Sai na sake wani mako 4 daga farko, ko 'yan kwanaki sun isa? Kuma kwana nawa zan bari tsakanin gwada madara da gwada burodi? Wanda ya taɓa yi don Allah ya taimaka min.