An ce daji ba ya son ƙarfe, likita kuma ya ce a tsira allura

'Yar Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Innarmu ta daɗe da ƙullutu a nonon hagu. Da yake ba ya ciwo sai ta yi shiru, har fatar wurin ta fara lotsawa. An yi ekografi, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki, likita ya ce sai an tsira allura an ciro ɗan nama a kai gwaji, in kuma daji ne za a ɗauki hoton huhu da hanta. Yanzu gida ya rabu biyu. Goggo ta rantse daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi zai fantsama cikin jini. Kawu ya ce a kira wanzami ya kafa ƙaho ya zuƙe mugun jinin. Don Allah allurar tana watsa shi? Kuma me ya haɗa nono da huhu?

Hajiya daga Kusiri: Allah ya ba ta lafiya, 'yata. Ni dai ina bayan Goggonki. Maƙwabciyata aka yi wa aiki, ba ta daɗe ba ya fito mata a ƙashin baya.

Malamin kimiyya, Marwa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Hajiya ta yi mini afuwa, amma daji ba ya jiran ƙarfe kafin ya shiga jini. Ƙullutun da ya girma da kansa yake zubar da ƙwayoyinsa cikin jijiyoyi. Tun 1869 wani likita a Ostireliya, Thomas Ashworth, ya gan su a jinin mamacin da daji ya kashe.

Sai dai jini ba wurin zamansu ba ne. Jar ƙwayar jini faɗinta mikromita 7 zuwa 8 ne (mikromita 1000 ke yin milimita ɗaya), kuma an halicce ta tana lanƙwashewa. Ƙwayar daji takan ninka ta biyu, ga ƙaton ƙullin gado, wato cibiyar ƙwayar, a tsakiyarta mai tauri. Ƙananan hanyoyin jini kuwa ba su wuce mikromita 5 zuwa 10 ba. Ƙwayar dajin tana isa can sai ta maƙale, ko ƙarfin gudun jini ya yayyaga ta, ko sojojin jiki su cinye ta. A 1970 Isaiah Fidler ya zuba wa ɓeraye irin waɗannan ƙwayoyi a jijiya a Amurka. Bayan kwana ɗaya ƙwayoyin da suka rage da rai ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba.

Waɗanda ke tsira su ne abin tsoro. Akwai masu laushi da ke matse jiki su kurɗa ta tsakanin bangon jijiya su fita. Abin mamaki, ƙullutun da kika taɓa kika ji shi kamar dutse, taurin na zaren naman da ya kewaye shi ne, ƙwayoyin su kansu sau da yawa sun fi lafiyayyu laushi. Wasu suna tafiya a dunƙule, uku ko biyar manne da juna, waɗannan sun fi guda ɗaya kama wuri nesa ba kusa ba. Wasu kuma ƙwayoyin daskarar da jini ne ke lulluɓe su, sojojin jiki ba sa ganinsu.

Batun huhu hanya ce kawai. Jinin da ya baro nono zuciya yake zuwa, daga nan huhu, nan ne matsatsin farko. Na hanji kuwa hanta yake fara bi, shi ya sa dajin hanji ya fi sauka a can. Amma hanya ba ita kaɗai ba ce. Stephen Paget a Ingila ya duba bayanan mata 735 da dajin nono ya kashe, a 1889 ya ce abin iri ne da ƙasa: ba ko'ina ya faɗa yake tsirowa ba. Dajin nono yana son ƙashi ƙwarai.

Ma'aikaciyar jinya, Ngaundare: Hajiya, Allah ya jiƙan maƙwabciyarki in ta riga mu. Abin da muke gani kullum shi ne ana kawo mace bayan 'ya'yan cutar sun riga sun zauna a ƙashi, ƙanana yadda hoto ba ya nuna su. In sun bayyana daga baya sai a ɗora wa wuƙa.

'Yar'uwa, ku bari a yi gwajin. Ana kashe zafin wurin, ba a kwana asibiti, kuma da wuya ƙwarai allurar ta bar wani abu a hanyarta. Ba tare da shi ba likita bai san irin dajin ba, bai san maganin da zai ba ta ba. Wataƙila ma ba daji ba ne. Ƙaho dai a'a. Jinin fata yake ja, ba ya kai ga abin da ke ciki, tsagar kuma tana iya zama gyambon da ba ya warkewa. Kada a yi sakiya, kada a ɗaura ganye mai cin fata.

'Yar Garwa: Na gode, Allah ya saka. Goggo takan gasa mata wurin da ruwan zafi tana murzawa da man shanu, a hana ta?

Ma'aikaciyar jinya: A daina murza ƙullutun da gashin, fatar wurin ta riga ta yi rauni. Ta matsa mata ƙafafu da kafaɗu in tana so. Ranar gwajin ku tafi da Goggo ta ga allurar da idonta, ku riƙe takardar ekografin, ku kuma faɗa wa likita in Inna tana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini.