Neman Kalma: Me Za Mu Kira Priapism da Hausa?

Jama'a, ga wata kalmar likitoci da ta ƙi zama a bakina: priapism. Miƙewar gaba ce da ta haura awa 4 ba ta kwanta ba, alhali babu sha'awa. An ciro sunan daga Priapus, wani gunkin haihuwa na mutanen Girka na dā. To mu ina ruwanmu da gunkin wasu? Mu nemo tamu.

Kafin a raɗa wa abu suna, sai an san shi. Babu ƙashi a gaban ɗa namiji. Abin da ke ciki tsoka ce mai ramuka kamar soso, dogaye guda 2 a jere ta sama, da ta 3 a ƙasa wadda ta lulluɓe hanyar fitsari ta ƙare a kan kaciya. Idan sha'awa ta motsa, tsokar sai ta saki, jini ya kwararo ya cika ramukan. Da sun kumbura sai su danne jijiyoyin da ke mayar da jini a jikin wata fata mai tauri da ta naɗe su. Ƙofar fita ta rufe ke nan. In an gama, tsokar ta tsuke, ƙofa ta buɗe, jini ya koma.

Matsalar ita ce ranar da ƙofar ta ƙi buɗewa. Jinin da ya maƙale ba ya samun iska, sai ya yi baƙi ya yi kauri, ga azabar ciwo. Sandar ta yi tauri kamar itace, amma sau da yawa kan kaciyar da laushinsa. Masu sikila sun fi kowa sanin wannan, har da yara. Wasu magunguna ma kan jawo shi, musamman allurar ƙarfin maza da ake yi a gaban kai tsaye.

Wani ya kawo "doguwar miƙewa". Malam, ka yi haƙuri, ban karɓa ba. Saurayi ya ji wannan ai cewa zai yi Allah ya ba shi. Sunan da ke kama da kirari ba zai kai mutum asibiti ba, kuma a nan jinkiri ne ke yin ɓarna: in aka kwana aka wuni a haka, soson yakan fara mutuwa ya zama tabo, ƙarfin ya tafi ba dawowa.

"Sandarewar gaba" ta fi, sai dai lafiyayyar miƙewa ma sandarewa ce.

Ni dai na tsaya a kan "ƙagewar gaba". Duk wanda wuyansa ya taɓa ƙagewa ya san ba abin alfahari ba ne: abu ya kulle, yana ciwo, ya ƙi komawa yadda yake. Kuma ana iya faɗarta gaban surukai ba a sunkuyar da kai ba.

Saura sunan aikin da likita ke yi. Yakan kashe zafin wurin, ya soka allura ta gefe cikin soson, ya ja baƙin jinin da sirinji har sai ja ya fara fitowa. Wani lokaci ya wanke ciki da ruwan gishiri, ya sa maganin tsuke jijiya mai suna fenilefrin, yana duba awon jini. In ya faskara, sai tiyata a buɗa wa jinin wata hanya. An ce a kira shi "tsiyayewa", amma abin da ake tsiyayewa da kansa yake zuba, wannan jinin kuwa sai an ja shi. Don haka "zuƙe jinin ƙagewa".

Akwai wani nau'in da ke biyo bayan buguwa a tsakanin cinyoyi, inda jijiya ta fashe jini yake ta shiga yana fita. Shi ba ya cika ciwo, ba a kuma gaggawar zuƙe shi. Wannan kam "ƙagewa" ba ta hau shi ba. Malamai, me za mu ce masa?