Kwana shida ke nan sabon kifina na ruwan gishiri bai sa komai a baki ba

Mai Tankin Gilashi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan kiwo. Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 400, wanda ya shekara ɗaya da wata huɗu da kafawa. A cikinsa akwai ƙananan kifaye biyu na jinsin Amphiprion, masu ruwan lemo da farar ɗamara, sai kuma wani kifi rawaya mai faɗin jiki da ake kira tang, guda ɗaya, da ya fi kowa daɗewa a ciki. Ranar Asabar da ta wuce na ƙara kifin nan mai dogon baki da ratsin jan ƙarfe, wanda masu sayarwa ke kira Copperband, masana kuma suke kiransa Chelmon rostratus. Na saye shi ne saboda ƙananan halittun Aiptasia da suka fara mamaye mini duwatsu, domin an ce yana cinye su.

Tun daga ranar bai ci komai ba. Na ba shi busasshen abinci na gwangwani, na ba shi daskararrun ƙananan jatan lande da ake kira maisis, har na jiƙa su da ruwan tafarnuwa, amma abincin sai ya wuce ta gaban bakinsa ko kallo bai ishe shi ba. Yawancin yini yana maƙale a kusurwar baya ta hagu, kusa da famfon da ke juya ruwa. Na auna ruwan jiya: nauyin gishiri 1.025, zafi digiri 25, amoniya babu ko kaɗan. Me ya kamata in yi, kuma kwana nawa zai iya jurewa a haka?

Ɗan Bakin Teku:

Wa alaikumus salam, Malam. Ruwanka ba shi da laifi bisa ga alƙaluman da ka kawo, don haka sai mu duba kifin da kansa da kuma maƙwabtansa. Ka ɗauko ɗaya daga cikin kifayen da suka yi ƙaurin suna wajen ƙin abinci, kuma dalilin yana nan a fuskarsa. Wannan dogon bakin an yi shi ne domin zurawa cikin ramukan duwatsun murjani na tekun Indiya da yammacin Pasifik, inda yake zaƙulo tsutsotsi da ƙananan halittu masu ɓawo ɗaya bayan ɗaya. Kifin da ya tashi yana tono abincinsa daga rami bai san cewa abin da ke yawo a tsakiyar ruwa ma abinci ba ne. Busasshen abincin nan kuwa ka ajiye shi gefe tukuna, da yawansu har su tsufa ba sa karɓarsa.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne ɗanyen makankari na teku, wato dabbar nan mai ɓawo biyu da ake sayarwa a wurin masu kifin teku. Ka buɗe shi, ka bar naman manne a ɓawo ɗaya, ka tsattsaga shi da wuƙa domin ya yi zare-zare, sannan ka ajiye a ƙasan tanki daf da inda kifin ke ɓuya. Ƙamshin ne ke fara jawo shi, sai ka ga ya zo ya tsaya a kai, kansa a ƙasa wutsiya a sama, yana leƙe kamar mai duba rijiya, kafin ya kai sara na farko. Kada ɓawon ya wuce awa ɗaya ko biyu a ciki, domin naman yana saurin ɓata ruwa. Idan ya saba zuwa wurin, sai ka riƙa cusa maisis a cikin ɓawon tare da naman, kana rage wannan kana ƙara wancan, har ya gane ɗanɗanonsa. Haka kuma za ka iya ɗaukar ƙaramin dutse mai ramuka ka cusa masa abincin da tsinke. Idan kana samun baƙaƙen tsutsotsin ruwa masu rai, su ma ka gwada, domin motsinsu yana tayar masa da sha'awar farauta, sai dai 'yan ruwan daɗi ne, ba sa daɗewa a ruwan gishiri suke mutuwa, don haka kaɗan-kaɗan za ka riƙa sakin su a gabansa da sirinji marar allura.

Amma zargina ya fi ƙarfi a kan tang ɗin nan. Kifi ne mai kishin wurinsa, kuma ya fi tsanar baƙon da ke da faɗin jiki irin nasa. Ka ja kujera nesa da tankin, ka zauna minti ashirin ba tare da motsi ba, ka gani ko yana zuwa yana juya wa baƙon wutsiya, domin a gindin wutsiyar yake da ƙaya mai kaifi. Kifin da aka kora zuwa kusurwa ba zai ci ba ko da me ka kawo masa.

Hajiyar Murjani:

Na yarda da duk abin da Malam ya faɗa, sai dai ina so a fara tabbatar da lafiyar kifin kafin a shiga dabarun girki, saboda ƙin abinci yakan zama alamar cuta a wurinsu. Ɗan'uwa, ka ce yana tsayawa kusa da famfo, kuma wannan ya ɗan tsaya mini a rai. Mai yiwuwa ɓuya kawai yake yi, amma kifin da ke fuskantar ƙarfin ruwa yana numfashi da sauri, yana gudun haske, sau da yawa ƙwayoyin cuta ne suka kama masa wurin numfashi. Ka haska shi da tocila da dare ka duba ko akwai fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, ko wata ƙura-ƙura a fatarsa, ko idonsa ya yi hazo, ko yana goga jiki a dutse yana girgiza kai. Ka duba bakin sosai, domin yakan gurje a raga ko a leda lokacin jigila, kuma mai ciwon baki ba ya sara.

Idan ka ga girgiza kai da hazon ido, akwai gwaji mai sauƙi. A tsoma shi minti biyar a ruwan daɗi marar kulorin, wanda aka daidaita zafinsa da ma'aunin tsaminsa da na tankin, a cikin roba mai duhu. In akwai tsutsotsin fata za su yi fari su zubo a ƙasa kamar ƙwayoyin riɗi, maganinsu kuma shi ne firazikwantel. Kada ka zuba maganin cutar kifi mai sinadarin jan ƙarfe a tankin da ke da duwatsu masu rai, wato waɗanda ƙananan halittu ke zaune a jikinsu, da murjani, zai kashe su, ga shi kuma yana ƙara toshe wa kifi ci.

Game da kwanakin da ka tambaya, jikinsa ne zai ba ka amsa. Ka dube shi ta gaba: muddin naman da ke bayan kansa, sama da idanu, a cike yake, kana da sauran lokaci, kifi mai ƙiba yakan yi mako biyu bai ci ba ya kuma farfaɗo. In wurin ya fara lotsawa kamar an matse shi da yatsu biyu, to abin ya yi nisa. Tafarnuwa kuwa ban hana ba, amma ni ban taɓa ganin ta sa kifin da ke cikin tsoro ya ci ba. Nan gaba ka roƙi mai shago ya ba kifi abinci a gabanka kafin ka biya, kuma ka tanadi ƙaramin tanki na killacewa, domin wasu kifayen da ake kamowa a Filifin da Indunusiya da gubar sayanaid ake sumar da su, irin waɗannan kuwa sukan iso da kyan gani amma cikinsu ya riga ya lalace.

Ɗan Bakin Teku:

Hajiya ta yi gaskiya a kan dubawa, amma ina roƙon kada a yi gaggawar kamo shi in ba a ga alama ƙarara ba. Farautarsa da raga a tsakanin duwatsu za ta mayar da shi ranar farko. In wani zai bar wurin, tang ne ya kamata a sa a akwatin roba mai huji a cikin tankin na 'yan kwanaki. Kafin nan ka manna madubi a jikin gilashi ta waje, a ɗaya gefen, tang zai shagala da faɗa da hotonsa. Ka rage hasken fitila, ka kuma kashe famfo lokacin ba da abinci.

Mai Tankin Gilashi:

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Hajiya. Na zauna na lura kamar yadda aka ce, kuma cikin minti ashirin sau bakwai tang ya je ya tokare sabon kifin a kusurwa, abin da ban taɓa gani ba saboda da zarar na matso da abinci yake barin wurin ya taho gaba. Na haska da tocila, ban ga ɗigo ko hazo ba, bakin lafiya lau, bayan kan kuma bai lotsa ba, don haka ban tsoma shi a ruwan daɗi ba. Madubin ya yi aiki na yini ɗaya kawai, daga baya tang ya gane ya koma halinsa, sai na sa shi a akwatin.

A rana ta tara na ajiye makankari da safe, sabon kifin bai kula shi ba har na cire. Da yamma na sake sa wani, na koma bakin ƙofa na tsaya. Ya yi kusan minti goma yana zagaye shi, sannan ya sara sau uku ya ja da baya, ya dawo ya ci sosai har ɓawon ya fara fari. Yau kwana uku yana ci sau biyu a rana, amma maisis ɗin da na cusa a ciki yana tsince shi ya tofar, Aiptasia kuwa ko kusa da su bai je ba. Zan bar tang a akwatin har ƙarshen mako, kuma ina tunanin sauya wa duwatsun zama kafin in sake shi.