Dapite ya ajiye sanda: wa zai ɗauka?

Tsohon dapitenmu, wato ɗan majalisar dokokin Nijar, ya tara mutane a ƙofar gidansa a unguwar Birni ta Damagaram, ya ce ko an dawo da zaɓe shi ya gama. Majalisar dai a rufe take tun juyin mulkin Yulin 2023, amma zancen magaji ya riga ya cika gari. Ga nawa baitin, mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Baba na Birni:
Jama'ar Damagaram ku saurara,
Tsoho ya ce ya gaji da hawa.
Tun 1993 yake bin hanyar Yamai,
Kwana a mota, ƙafa na kumburawa.
Soja sun rushe majalisa sau huɗu,
Bai bar gaishe mu ba, bai bar zuwa.
Ranar da muka kai ƙanena makwanci,
Shi ya kama makara har kushewa.
Ni dai ɗansa nake so ya gaje shi,
Ɗan barewa ba ya rarrafawa.

Ɗiyar Garin Malam:
Baba, na durƙusa, a gafarce ni,
Alherin tsoho ba na musawa.
Amma gado na fadar Sarki ne,
Can ake naɗi, kakaki na tsagawa.
Kujerar majalisa aro muka ba shi,
Mai aro kuwa sai mayarwa.
Kafin asuba nake layi da jarka shida,
Pampo ya yi tari, ba ya zubowa.
Ana ce mana ruwa na zuwa daga Arunguza da Ganaram,
Bazara ta zo, randa na bushewa.
Kuɗin cefane ɗan ga-ruwa ke karɓa,
Yaran gida da sauran ƙishirwa.
Wanda ya san nauyin jarka nake so,
Ko mace ce, Baba, ina dangwalawa.

Malam na Zango:
Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka,
Sai dai ga inda ƙaya ke sokewa:
Jam'iyya aka saba zaɓa a ƙasar nan,
Jerin sunayen jiha take kawowa.
Na saman jeri shi ke samun kujera,
Na ƙasa sai dai ya sha tafawa.
In ba mu je ba ran da ake jeri,
Wasu za su gama mana rubutawa.

Matashi na Kara-Kara:
Gaskiya ne, Malam. Tun 2011
SORAZ ke tace mai, tankoki na wucewa,
Ni da digirina ina kan kabu-kabu.
A sa matashi, ko ɗaya, a jerin nan kuwa.

Baba na Birni:
Ɗiyata, kin taɓa ni, randar gidana
Ita ma tun jiya ba ta da ruwa.
Ban janye ɗan tsoho ba, sai dai ya zo
Ya zauna tabarma ku yi ta tambayawa.
Juma'a bayan la'asar a zaurena,
Malam, kawo yaron nan, ke ma ki zo da kowa.