Siron bitamin ga yara lokacin ɗari, yana hana mura ko asarar kuɗi ce?

Maman Hamza, unguwar Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da ɗari. Don Allah tambaya gare ni, a yi haƙuri in ta yi tsawo. Yarana uku ne, babbar shekara bakwai tana lakwal, Hamza shekara uku da rabi, sai autan wata tara. Tun da iskan ga ya taso farkon Disamba gidanmu bai rabu da majina ba, babbar ta kwaso daga lakwal ta ba ƙaninta, shi ya ba jinjirin, kafin su gama warkewa ta sake kwaso wata, da dare kam ba a magana, wannan ya yi tari wancan ya amshe har asuba. Jiya na tahi farmasi sayen parasetamol sai yaron da ke saidawa ya ɗauko mini wani siro mai hoton lemu a jikin kwali, wai miltibitamin ne yana ƙara garkuwar jiki, in ina ba su cokali guda kullum da safe mura ba ta kama su har ɗari ya wuce. Jikka huɗu da rabi kwalba guda. Ban saya ba na ce sai na yi shawara, maigida kuma da na gaya mishi cewa ya yi mu da munka tashi da kunu da fura wa ya ba mu siro. Maƙwabciyata ta ce ta san wata mai kawo irin shi daga Jibiya rabin kuɗin. Uwar mijina ita kuma ta dage a ba jinjirin zuma da lemun tsami. Wallahi kaina ya ɗaure. Wanda ya san abin nan ya taimaka, yana aiki ko a'a? Kuma ana ba ɗan wata tara?

Baban Halifa

Wa alaikumus salam. Ni dai na gwada bara, wani mai tebur ya saida mini a kasuwa ba ma a farmasi ba. Maganar mura ban lura ba gaskiya, amma yaron ya buɗe ciki sosai, tuwon da yake bari sai da ya koma neman ƙari, ga barci mai daɗi. In da hali ki saya, ba ya cutarwa ai bitamin ne.

Anfirmiye Mai Ritaya, Ali Dan Sofo

Maman Hamza sannu da fama, Allah ya ba yara lafiya. Na yi shekaru ina aikin awo da duba yara a CSI, wato likitar unguwa, tambayar nan kuma duk ɗari sai an yi mini ita, har cikin gidan suna ake tare ni.

Amsa a gajarce, siron ba ya hana mura. Mura ƙwayar birus ce ke kawo ta, irinta sun fi ɗari biyu, shi ya sa ƙaramin yaro kan yi mura sau shida zuwa takwas a shekara kuma lafiya lau yake, musamman in akwai ɗan lakwal a gidan. Kowace tana ɗaukar kwana bakwai zuwa goma, tarin ma yakan ja har sati biyu ko uku, to kin ga in ɗaya ta hau kan ɗaya sai ki ga kamar ciwo guda ne ya ƙi tafiya. Bitamin C da ake ta yayatawa an daɗe ana gwada shi, ba ya hana mutum kamuwa, iyakarsa in ana sha kullum ya rage tsawon murar da ɗan kaɗan, kamar kwana guda ko ƙasa. Wannan kuwa lemu da gwaba da tumatir ɗanye suna ba ki shi ba sai kin fidda jikka huɗu da rabi ba.

Wanda aka tabbatar yana ceton yara a ƙasa irin tamu shi ne bitamin A, kuma kyauta ake ba da shi. Ɗan kafson nan da ake yanke wa baki a matse wa yaro a harshe, shuɗi ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga 'yan wata 12 zuwa 59, sau ɗaya duk wata shida, daga shekara ɗaya ana haɗawa da maganin tsutsar ciki. Shi ma ba maganin mura ba ne, amma yana rage mutuwar yara daga zawo da ƙyanda yana kare ido. Ki buɗe karnen awo da rigakafi na Hamza da na autan ki ga yaushe rabonsu da shi. Kuma tunda autan ya cika wata tara lokacin allurar ƙyanda da ta shawara ya yi, kada ki bari don yana majina, ƙaramar mura ba ta hana allura. Tun 2014 aka sa allurar nimoniya cikin rigakafin jarirai a Nijar, ana yin ta tare da Penta, allurar nan mai kare cuta biyar, a sati 6 da 10 da 14, ita ma ki duba ko an cike duka ukun.

Baban Halifa, da girmamawa, don Allah in kwalin nan yana nan ka duba ko an rubuta cyproheptadine. Yawancin sirop ɗin da ake saidawa da sunan buɗe ciki ita ce a ciki, maganin alaji ce mai sa yunwa da barci, ba bitamin ba ce ta yi wannan aikin, kuma ba abin da za a riƙa ɗura wa yaro ba ne ba tare da likita ya ce ba. Maganar ba ya cutarwa ma ba haka take ba. Bitamin A da D ba sa fita da fitsari, taruwa suke a jiki, kuma irin masu ƙarfe a ciki, in yaro ya samu kwalbar ya shanye don zaƙi, abin yana iya kai wa ga rai. Na Jibiya mai arha kuwa ni ba zan ba jikana ba. Ba don daga can ya fito ba, don ba ki san wa ya yi shi ba, ba ki san rana nawa ya sha a kan tebur ba. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya, ƙodarsu ta lalace bayan sun sha siron tari da na mura da aka samu guba a ciki, har hukumar lafiya ta duniya ta fidda gargaɗi a watan Oktoba na shekarar.

Zuma kuma, ki roƙi Inna uwar mijinki ta yi haƙuri sai ya cika shekara. Ƙasa da shekara ɗaya hanjin jariri bai iya kare kansa daga wata ƙwaya da ake iya samu cikin zuma ba, tana sa jiki ya saki har numfashi ya gagara. Hamza da babbar kam ki ba su ƙaramin cokali kafin su kwanta, tana lafar da tari. Shi autan nono ne maganinsa, ki yawaita ba shi, in hanci ya toshe ki ɗiga mishi serom na wankin hanci kafin ya kama mama.

Hajiya Inna, Bagalam

Ɗiyata Maman Hamza, majo anfirmiye ya gama magana, ni dai ta tukunya zan ƙara miki. Tara na haihwa, jikoki ban san iyakarsu ba. Mu nan Maradi Allah ya hore muna abin da wasu ke saye cikin kwalba. Tamaka ga ta nan ana kawowa daga Jiratawa da fadamar gulbi, da ɗari ɗanya shar, ki dahwa ki kwaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan mai da albasa, ko ki shanya ta a inuwa ba a rana ba ki daka ki tankaɗe ki riƙa zuba cokali cikin kunun yara. Ƙwame na kuka ki jiƙa ki dama da nono, tsamin nan da yara ke so shi ne amfanin. Kabewa cikin miya, karas yanzu lokacinshi ne, wake da ɗan mai, ranar da anka samu hanta a ba yara kafin a kai ma maigida, ba laifi ba ne. Kunun da anka dama da gero zalla ruwa ne ke cika ciki, ki sa mishi gyaɗa ko nonon akuya da anka tafasa, ga jar akuyarmu da ake zuwa daga wasu ƙasashe ana nema. Kuma a bar cewa wai ƙwai na sa yaro sata, mun ba namu ba wanda ya zama ɓarawo.

Wanka kuma a bari sai rana ta ɗaga, a shafe su da man kaɗe don kada hwata ta tsage, a sa musu hula da safa in za su lakwal. Da wankin hannu da sabuni in sun dawo, majinar nan da hannu suke rabawa junansu.

Abu Sadik, Sura Bildi

Duk na yarda da ku amma a riƙa faɗin gaskiya duka. Ana cewa tun 2006 maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, e haka dokar take, amma sau nawa za ka je ka yi layi tun safe a ce maganin ya ƙare a miƙo maka ordonas ka tahi farmasi? Shi ya sa talaka ke tsayawa wurin mai tebur. Ƙwai da hanta da Hajiya ke faɗi ma ba kowane gida ke ganinsu a sati ba.

Amma abin da ya sa na shigo daban ne. Shekara biyu da sunka wuce cikin Janairu ɗiyata tana wata goma sha huɗu ta yi mura, muna ta ba ta siro kala biyu muna cewa ɗari ne. Dare na huɗu na tashi na ga ta ƙi mama, na ɗaga rigarta na haska da fitilar salula sai na ga ƙasan haƙarƙarinta yana lomawa ciki duk jan numfashi, kamar ana tsotse shi, hancinta na buɗewa yana rufewa. Ƙarfe biyun dare na tada maƙwabcina mai kabu-kabu, uwar ta goya ta munka lulluɓe da bargo sai likita. Ciwon haƙarƙari ne, sai da anka sa mata iska, kwana biyar muna kwance. Likitan ya tambaye ni ko muna sa garwashi a ɗaki, na ce e mana kowa na sawa, ya ce hayaƙin itace da na garwashi na cikin abin da ke raunana huhun yara, kuma kaskon wuta a rufaffen ɗaki yana iya kashe mutane cikin barci ba su sani ba. Tun ran nan in an ɗumama ɗaki sai a fidda kaskon kafin a kwanta. Kwalaben siron nan biyu suna nan bisa kanta har yau ban zubar ba, in na gan su sai in ji haushin kaina.

Anfirmiye Mai Ritaya, Ali Dan Sofo

Abu Sadik ba ka yi ƙarya ba kan maganar karyewar magani, mu da ke ciki mun fi kowa jin kunyar miƙa ordonas ga wanda muka san ba shi da ko dala. Amma ko ba magani a je a duba yaron, a san me ke damunsa, amoksisilin na gaske a farmasi bai kai kuɗin siron nan ba. Kuma kada a saya a ba yaro don mura kawai, ba ya taɓa birus.

Abin da ka gani a ƙirjin ɗiyarka shi ne alamar da nake so kowace uwa ta sani. Ga yadda ake ƙirga numfashi, yaro yana kwance shiru ba ya kuka, a ɗaga riga a duba agogon waya minti ɗaya cur. Ƙasa da wata 2, in ya kai 60 ya yi sauri. Wata 2 zuwa 11, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai haka, ko ƙirji na lomawa, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komi, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi nauyi ba ya farkawa da kyau, ba a jiran gari ya waye. Masassara kuma kada a ce duk ta mura ce, a yi tes ɗin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ko da damina ta wuce, sannan daga yanzu har zafi ya shigo lokacin sanƙarau ne, masassara da sanƙarewar wuya ko maɗigar jariri ta kumbura, gudu ake.

Na manta ban faɗi zinc ba. Shi wurin zawo yake aiki, ƙwaya guda ta miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan SRO, wato na gishiri da sukari, rabi ga ɗan ƙasa da wata shida, ko zawon ya tsaya a cike kwanakin. Yaron da ya rame kuma ba siro yake buƙata ba, a kai shi awo a gwada damtsensa da igiyar nan mai kala uku, in ta nuna ja tamowa ce a sa shi cikin tsarin biskit, abincin nan da likita ke ba masu tamowa. Akwai yaran da likita da kansa ke rubuta wa ƙarin bitamin ko maganin ƙarin jini, misali bakwaini ko mai sikila ko mai ƙarancin jini, wannan daban ne a bi yadda aka rubuta.

Maman Hamza, unguwar Zariya

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Abu Sadik Allah ya raya ɗiyar. Na ɗauko karne na duba, ashe Hamza rabonshi da jan kafson ya kusa shekara, autan kuma Penta uku sun cika saura ta wata tara, Litinin in sha Allah da sassafe za mu tahi su biyun. Ɗazu da autan ya yi barci na ƙirga numfashin sau biyu, 42 da 44, ƙirjin kuma bai lomawa. Kaskon garwashi kam muna sawa wallahi, yau na fidda shi. Tamaka na aiki babbar ta sayo ta dala ashirin. Saura Inna uwar mijina da zumarta, ta riga ta aiko da kwalba guda daga ƙauye tun shekaranjiya, ni kuma ba ni iya ce mata a'a kai tsaye. Hajiya don Allah ke da kin san halin surukai, ta yaya zan ɓullo mata?