Kan notin murfin kuloci ya cinye, sukudireba ba ta kamawa: mece ce mafita?

Sabon_Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum oga-oga da 'yan'uwa. Ina neman shawara kan tsohon babur Honda 125. Ina so in buɗe murfin injin na ɓangaren dama domin canza farantan kuloci. Notocin murfin duk masu kan sita ne (masu ramin giciye), M6, wato masu kaurin milimita 6. Yawancinsu sun kwance, saura uku. Ɗaya har yanzu sukudireba tana ɗan kama shi amma tana tsalle in na murɗa. Biyun kuwa kansu ya cinye gaba ɗaya, ramin ya koma zagaye. Na fesa man kwance tsatsa ya kwana, babu canji. Haka kuma ɗaya daga cikin ƙananan notoci biyu na murfin tukunyar man birki ta kan hannu ya fara lalacewa. An ce in sayi abin nan mai juyin hagu da ake ciro karyayyen noti da shi. Shi zan fara gwadawa, ko akwai abin da ya kamata ya riga shi?

Baban_Sifana ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka fara ajiye sukudirebar da ke hannunka, domin ina kyautata zaton ita ce ta cinye maka kan notocin. Baburan Japan, wato Honda, Yamaha, Suzuki da Kawasaki, musamman tsofaffinsu, notocinsu masu kan sita an yi su ne a kan ma'aunin JIS, wato ma'aunin masana'antun Japan, alhali sukudirebar da aka fi samu Phillips ce. A ido kamarsu ɗaya. Bambancin yana can cikin ramin: kusurwoyin JIS a tsaye suke, su kuwa na Phillips a ɗan lanƙwashe suke ta tsakiya. Shi ya sa bakin Phillips ba ya zama daidai a ramin JIS, da ka sa ƙarfi sai ya hau sama ya goge ƙarfen. Da yawa daga notocin JIS suna da ɗan ɗigo a gefen giciyen, sai dai ba dukansu ba. Sannan ga maganar girma: notin M6 baki mai lamba 3 yake so, lamba 2 na M4 da M5 ne. Lamba 2 a cikin ramin lamba 3 rawa take yi, juyi ɗaya ya isa ta lalata shi.

Wanda har yanzu yake ɗan kamawa, shi ne za ka iya ceto. Ka share ramin da allura ko tsinken waya, ka fitar da ƙasa da fentin da suka cika shi, ka goge man da ka fesa tas, domin mai a cikin giciye santsi kawai yake ƙarawa. Ka ɗora baki lamba 3 a ramin ka buga shi da guduma sau uku ko huɗu kafin ka yi yunƙurin murɗawa. Bugun nan aiki biyu yake yi, yana zaunar da bakin a cikin ƙarfen da ya taushe, yana kuma girgiza tiredin da ya kame, wato zaren da ke jikin notin. In kana da man nan mai yashi da ake goge bawul da shi, ɗiga kaɗan a bakin, yana ƙara kamu sosai. In babu bakin JIS a kusa, a goge tsinin na Phillips da kamar milimita 1 a dutsen wasa, sai fikafikansa su sauka su cika ramin.

Daga nan sai sukudireba mai bugu, wadda ake riƙewa da hannu ɗaya a doki bayanta da guduma. Kowane bugu yana danna bakin ciki yana juya shi a lokaci guda, don haka ba ya samun damar hawowa. Kafin ka ɗora ta a kan injin, danna ta a ƙasa ka ga inda bakin yake juyawa, domin mutane da yawa sun ƙara ɗaure noti suna zaton kwancewa suke. Ka riƙe ta a miƙe da notin, ka murɗa ta hagu da hannunka har ta tsaya, kana riƙe da ita a haka ka buga da guduma mai nauyin rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Bugu ɗaya mai nauyi ya fi ƙananan bugu goma. Babur kuma ya tsaya da kyau, wani ya tare shi ta ɗaya ɓangaren, in ba haka ba ƙarfin bugun a girgizar babur zai tafi.

Batun man da ya kwana bai yi komai ba, ba abin mamaki ba ne. Tiredin ba a cikin murfin yake ba, yana can cikin jikin injin, bayan kaurin murfi da gaskit. Kan notin kuma ya danne bakin ramin. Man ba shi da hanyar da zai bi ya kai can.

Injiniya_M6 ya amsa:

Baban_Sifana ya gama magana a kan na farkon. Ni zan ɗauki biyun da suka zama zagaye, da kuma abin da aka ce ka saya.

Abin ciro noti mai juyin hagu kar ka fara da shi, in da hali ma kar ka kai gare shi. Ƙarfe ne mai tauri ƙwarai amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Wanda zai shiga M6 kaurinsa bai fi milimita 3 ba, ka ga kana neman ɗan siririn abu ya kwance notin da sukudireba mai kauri ta kasa. Mai siffar tsini kuma yana buɗa notin daga ciki yayin da yake shiga, sai ya ƙara matse shi a jikin tiredi. Ranar da ya karye a ciki, bakin diril na yau da kullum ba ya cin sa, sai ya zame gefe ya shiga alminiyom mai taushi. Inda yake da amfani shi ne notin da ya karye saboda an ɗaure shi fiye da ƙima, wanda tiredinsa lafiya lau yake. Wanda tsatsa ta kama, a'a.

In kan notin a waje yake kuma akwai sarari, akwai dabaru biyu kafin huda. Ko ka yanka tsaga a tsakiyar kan da zarton ƙarfe, ka sa bakin filat mai faɗi a sukudireba mai bugu. Ko ka ɗauki ƙaramin cizil, ka fara sara a tsaye a gefen kan domin ya sami wurin zama, sannan ka kwantar da shi ka riƙa bugawa ta yadda notin zai juya hagu. Ka lura da inda cizil zai faɗa in ya zame, murfin ba ya jure sara.

In waɗannan sun ƙi, cire kan gaba ɗaya, kuma wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita a murfin injin. Ramin da ya cinye ya riga ya zama maka tsakiya, ba sai ka sa alama ba. Fara da bakin diril na milimita 3, ka shiga kamar milimita 5. Sai ka koma na milimita 6, daidai kaurin jikin notin. Ka naɗa tef a bakin domin ka san zurfin da ka kai, kaurin kan bai wuce milimita 4 ba. Diril a hankali, da ɗigon baƙin mai, kana dannawa sosai. Gudu da yawa ƙona bakin yake yi. Da ka iso wuyan notin za ka ji kan ya saki, wani lokaci ya hau bakin diril kamar zobe. Tsaya nan take, abin da ke ƙasa murfinka ne. In ka sami bakin diril mai juyin hagu, ya fi, domin zafi da juyin kan sa notin ya biyo shi ya fito tun kafin kan ya cire.

Share garin ƙarfen tas kafin ka ɗaga murfin, kar ya zuba cikin kuloci. Murfin zai zame ta kan guntayen, sai dai ka ja shi a miƙe saboda 'yan bututun da ke daidaita zamansa. Yanzu kana da guntu mai tsawon kaurin murfin a waje, kuma nauyin ɗaurin ya tafi tare da kan. Da yawansu da filaya mai kullewa kawai suke fitowa, wasu ma da yatsa. A nan ne man kwance tsatsa yake da amfani, tunda yanzu yana iya gangarawa cikin tiredi. Kama guntun can ƙasa kusa da jikin injin, ka ɗan matsa dama, ka dawo hagu, kana ƙara juyin kaɗan-kaɗan. Farin garin da za ka gani a jikinsa shi ne ya riƙe shi: ƙarfe da alminiyom in sun haɗu da danshi, alminiyom ɗin ne yake ciwuwa, garin ya cika tsakanin tiredi.

In ya ƙi motsi, sa zafi a jikin injin kewaye da ramin, ba a kan guntun ba. Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka ramin yana sakin notin. Na'urar hura iska mai zafi ta isa. Da ɗigon ruwa ya fara tafasa a wurin, ka kai inda ake so. Ka nisanci robobin tare mai, ka kuma rufe fetur ka cire tiyonsa tukuna.

Mai_Walda_Tsaf ya amsa:

Ƙari kaɗan, Injiniya, domin wani lokaci guntun yakan karye daidai da fuskar injin, filaya ba ta da abin kamawa. A nan walda ta fi huda. A ɗora wasa mai ramin milimita 6 a kan guntun a haɗa su da walda, sannan a ɗora noti mai rami na M8 a kan wasan a cika cikinsa. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyom, wasan kuma yana kare fuskar da gaskit zai zauna. A bari ya huce da kansa kafin a sa sifana. Zafin da ya ratsa guntun ya kan farfasa garin da ya riƙe shi. In notin ya ɓalle, a sake, karo na biyu ya fi kamawa.

Kafin a kunna injin walda: a cire wayar batir, a zare filogin CDI, wato akwatin da ke sarrafa wutar kunna injin, a sauke tanki, a rufe kuloci da jiƙaƙƙen tsumma saboda tartsatsi. Kilif ɗin as kuma a maƙala shi a jikin injin dab da wurin aikin. In aka maƙala shi a taya ko a wani wuri mai nisa, wutar tana iya bi ta cikin boris ta yi masa tabo.

Sabon_Hannu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura na tukunyar birkin. Shi ma in sa masa mai bugu? Kuma wane irin noti zan mayar a murfin?

Baban_Sifana ya amsa:

Kar ka yi masa bugun da za ka yi wa injin. Tukunyar ƙarfenta mai gautsi ne, a kan hannu kuma take rataye babu abin da ya tokare ta. Zafi ma babu shi a nan, akwai roba a ƙarƙashin murfin. Notocin M4 ne masu kai a nutse, baki lamba 2. Juya hannun babur har tukunyar ta daidaita, ɗora bakin, ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma, ka danna da nauyin jikinka ka murɗa. In ya ƙi, bakin diril na milimita 4 zai cire kan cikin daƙiƙu kaɗan, sai a ɗaga murfin a kama guntun. Hure garin kafin ka buɗe, kuma ka rufe tanki da tsumma, man birki yana cin fenti. In ya ɗiga, wanke da ruwa nan da nan. Notocin ƙasan kafireto ma haka ake lallaɓa su, a kan tebur, da katako a ƙarƙashi.

Na murfin injin kuwa, kar ka mayar da masu kan sita. Sa masu kan sifana 8 masu faffaɗan wuya, ko na alanki 5. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka zana siffar murfin a kwali ka soke kowane tsohon noti a gurbinsa, ka auna sabo da shi. Wanda ya yi tsawo zai taɓo ƙasan ramin kafin ya danne murfin, in ka ci gaba da ɗaurewa ya tsaga jikin injin. Gajere kuma tiredi uku ko huɗu kawai zai kama, ya tsige su. Hure kowane rami ya bushe, domin mai da ya taru a ramin da ba shi da mafita shi ma yana iya fasa shi.

Bi ramukan da taf M6×1.0, wato ƙarfen da ake yanka tiredi da shi a rami, da hannu domin share su. In tiredin ya tafi, Helicoil na M6 ake sawa, wato naɗaɗɗiyar waya da ke zama sabon tiredi, ana huda da bakin milimita 6.3 da ke zuwa cikin kayansa, notin kuma ya ci gaba da zama M6. Shafa ɗan giris mai hana noti kamewa a tiredin sababbin, musamman in na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, domin shi ya fi saurin cin alminiyom. Ɗaurin M6 a murfi wajen Nm 10 ne a sifana mai auna ƙarfin ɗauri, amma duba littafin babur ɗinka, kuma in ka sa giris ka ɗan rage, tunda santsi yana sa noti ya ja fiye da abin da hannu yake ji. Fara kowanne da yatsa, sannan ka ɗaure su a giciye, zagaye biyu.

Tunda murfin zai buɗe, za ka tarar da wasu notoci uku masu kai a nutse a murfin matatar mai da ke bakin kiranshaf, in injinka irin na Honda CG ne. Su ma JIS ne, kuma sun fi na waje saurin cinyewa. Ka tanadi bakin da ya cika raminsu kafin ka taɓa su.